Darasi na Bakwai: Naira da Sefa, Tarihin Canji a Bakin Iyaka

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya san asalin naira da sefa, ya iya lissafin canji tsakaninsu, ya kuma gane abubuwan da ke sa farashi ya hau ko ya sauka.

A shekarar 1980, jika ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta wuce naira biyu da sule shida ba a farashin gwamnati. A 2024 jikar nan ta haura naira 2,400. Cikin shekara 44 farashinta ya ninka kusan sau dubu, alhali mutanen da ke musayar kuɗin nan biyu su ne dai na jiya: Bakatsine da Bamaraɗe, ɗan Illela da ɗan Birnin Ƙwanni, masu harshe ɗaya da auratayya da kasuwanni ɗaya. Abin da ya raba aljihunsu shi ne hanyar da kowace ƙasa ta bi wajen tafiyar da kuɗinta.

Kafin a ja iyaka

A ƙarni na 19 babu ɗan canji tsakanin Kano da Damagaram, domin wuri ake kashewa a garuruwan biyu. Ana ƙirga shi da zambar, ana ɗinke dubu ashirin a keso guda. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake ba da shi a kan dalar azurfa ɗaya. Daga baya fataken Turai suka yi ta jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar ta jiragen ruwa, ya yi yawa a hannu, darajarsa ta zube har dakonsa ya zama ɗawainiya.

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka tsaga ƙasar Hausa biyu. Kowane mai mulki ya zo da kuɗinsa, ya kuma ce da shi za a biya haraji. A kudu aka sami fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini, waɗanda hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ke fitarwa. A arewa aka sami tamma da dala. Iyakar da ta fito daga wannan rabo ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma tun daga lokacin duk wanda zai ƙetare ta da kaya sai ya yi lissafi biyu.

Sefa: kuɗin da aka ɗaure

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba, 1945, domin ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Da farko sefa ɗaya tana daidai da faran 1.70 na Faransa, a 1948 ta koma faran biyu. Da Faransa ta yanke sifili biyu daga kuɗinta a 1960, lissafin ya zama sefa 50 a kan sabon faran ɗaya, kuma a haka ya tsaya har 1994.

Tsarin yana tsaye a kan alkawari. Baitulmalin Faransa ya lamunce cewa za a iya juya sefa zuwa faran a kan tsayayyen farashi. Ladan wannan lamuni shi ne ƙasashen su ajiye kuɗaɗen wajensu a wani asusu a Faris: da fari dukkansu, daga 1973 kashi 65 cikin ɗari, daga 2005 kashi 50 ga ƙasashen Afirka ta Yamma. A da wakilan Faransa kuma suna zama a majalisun babban bankin sefa.

Sefa iri biyu ce. Ta yamma, bankin BCEAO da ke Dakar ne ke fitar da ita ga ƙasashe takwas: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Ta tsakiya, bankin BEAC da ke Yawunde ne ke fitar da ita ga ƙasashe shida, ciki har da Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya ce a kan takarda, amma takardar Njamena ba ta sayen goro a Maraɗi sai an bi ta hannun ɗan canji, shi kuwa sai ya cire nasa.

Wanda aka ɗaure da wani, inda wancan ya nufa nan zai bi, raƙumi da akala ke nan. A 1980 dalar Amurka ɗaya tana kan sefa 211. Da faran na Faransa ya yi rauni a shekarun da suka biyo baya, dala ta kai sefa 449 a 1985, ba tare da an nemi shawarar kowa a Yamai ba.

Naira: kuɗin da aka riƙe a gida

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da fam na ƙasa. Da Ingila ta karya darajar fam ɗinta a Nuwamba 1967, Najeriya ta ƙi bin ta. A Janairu 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka canza takardun kuɗi domin a mayar da waɗanda ke hannun Biyafara banza. Ranar 1 ga Janairu, 1973, a zamanin Janar Yakubu Gowon, aka fito da naira: fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma.

Naira ta zo a kan gaɓa. A ƙarshen wannan shekarar farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo, daloli suka yi ta kwarara cikin baitulmalin ƙasa. A 1973 kwabo 66 ke sayen dala ɗaya, a 1980 kwabo 55. Alhazan wancan zamani suna tafiya Makka da naira a aljihu a karɓa da murna. Matasan Nijar suna kwararowa cin rani Kano da Kaduna da Legas, domin ɗan abin da suka tara, in an juya shi sefa, yakan yi auki a gida. Dabbobi da wake su ma kudu suke nufa.

Sai dai farashin nan gwamnati ce ke yanke shi, kuma dalar ba ta isar kowa. Wanda bai da lasisin shigo da kaya sai ya nemi wata ƙofa. Sefa ita ce ƙofar, tunda ana iya juya ta faran, daga faran kuma zuwa kowane kuɗi na duniya. Nan kasuwar bayan fage ta kafu, 'yan canji suka yi sansani a Wapa da ke Fagge a Kano, da Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, da takwarorinsu na Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram da Gaya. Da farashin mai ya fara faɗuwa bayan 1981, ratar da ke tsakanin farashin banki da na titi ta yi ta buɗewa. A 1985 takardar gwamnati tana cewa naira ɗaya ta kai sefa 500, amma ba ɗan canjin da zai ba da ko rabin haka.

A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin 'yan kwanaki a kai tsofaffi banki. Manufar ita ce a kashe nairar da aka fitar waje. 'Yan kasuwar Nijar da yawa sun wayi gari da buhunan takardun da ba su sayen komi. Abin ya haɗu da farin wannan shekarar, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a Maris 1986.

1986 da 1994: faɗuwa biyu

A 1986 gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 15, bashi ya yi wa Najeriya katutu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, a watan Satumba kuma ta fara gwanjon dala ga bankuna. Naira ta sulmiyo: kusan naira huɗu a kan dala a 1987, sama da bakwai a 1989, 22 a 1993.

A ƙetaren iyaka abin ya juye. Mai sefa ya zama mai kuɗi a kasuwar Kano. Fetur da taki da atamfa da sabulu da kayan roba na Najeriya suka cika kasuwannin Nijar a farashin da ƙananan masana'antun ƙasar ba za su iya gogayya da shi ba. Makiyayin da ya kora shanunsa Najeriya kuwa yakan koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba. A gefe guda ana ta kwashe takardun sefa daga kasuwannin iyaka ana kai su Turai a juya faran. Yawan abin ya sa a Agusta 1993 manyan bankunan sefa suka daina fansar takardun da aka fitar daga yankinsu.

Ranar 11 ga Janairu, 1994, shugabannin ƙasashen sefa suka kammala wani taro a Dakar tare da shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, Michel Camdessus, da ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen. Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, wanda ya daɗe yana tare wannan mataki, ya rasu wata guda kafin nan. Washegari aka tashi da sabon farashi: sefa 100 a kan faran ɗaya maimakon 50. Rabin darajar kuɗin ya tafi a dare ɗaya. A Nijar, inda Mahamane Ousmane ke mulki, magani da kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi daga Turai suka yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Masu fitar da dabbobi da albasa da wake su ne suka ɗan sarara, don kayansu sun yi araha ga mai saye daga waje.

Tun daga ranar ba a sake taɓa farashin sefa ba. Da Faransa ta shiga yuro ranar 1 ga Janairu, 1999, aka mayar da lissafin sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma shi ne har yau.

Zamanin farashi biyu

Naira ba ta sami irin wannan tsayawa ba. Daga 1994 zuwa 1998 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙulle farashin gwamnati a naira 22, alhali a kasuwa dala ta haura naira 80. Duk wanda ya sami dala a farashin farko ya sayar a na biyu ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu ba tare da ya saye ko allura ba. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari. An soke wannan tsari a farkon 1999.

Shekarun 2004 zuwa 2008 sun zo da sauƙi, mai yana tsada, an yafe wa ƙasar babban kaso na bashinta, naira ta ɗan farfaɗo zuwa 118 a kan dala. Da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a Janairu 2016, tsohon labari ya dawo. Babban Banki ya riƙe farashi a naira 197 har zuwa Yuni 2016, sannan ya saki zuwa wajen 305, titi kuwa ya kai 500 a farkon 2017. A wajajen ƙarshen 2021 naira ɗaya da sefa ɗaya suka yi kunnen doki a hannun 'yan canji, abin da dattawan da suka ga 1980 ba su taɓa zato ba.

A tsakiyar 2023 abubuwa uku suka auku a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur. Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 750, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka har zuwa farkon 2024. Arhar naira ta sa mai sefa ya riƙa sayen gero da masara a kasuwar Dawanau cikin sauƙi, a daidai lokacin da magidancin Kano ke kukan tsadar kwano.

Jadawalin canji

Alƙaluman nan matsakaicin farashin gwamnati ne na shekara, an taƙaita su. Na titi ya sha bamban, musamman a 1993 da 1994 da 2017.

- 1980: dala ɗaya kwabo 55, ko sefa 211. Jika: naira 2.60
- 1987: naira 4, ko sefa 301. Jika: naira 13
- 1993: naira 22, ko sefa 283. Jika: naira 78
- 1994: naira 22, ko sefa 555. Jika: naira 40
- 2000: naira 102, ko sefa 712. Jika: naira 143
- 2008: naira 119, ko sefa 448. Jika: naira 265
- 2017: naira 306, ko sefa 581. Jika: naira 527
- 2024: naira 1,480, ko sefa 606. Jika: naira 2,440

Yadda ake lissafi

Abu na farko shi ne a san ƙidayar mutanen Nijar. Dala ɗaya a bakinsu sefa biyar ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Baƙon da bai san haka ba yakan miƙa kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ce ya biya.

Abu na biyu, farashin naira da sefa yana bi ta kan kuɗi na uku. Idan dalar Amurka tana kan naira 1,500, tana kuma kan sefa 600, to naira 1,500 daidai take da sefa 600. A raba 1,500 da 600, a sami biyu da rabi: sefa ɗaya naira biyu da rabi, jika kuma naira 2,500. Saboda haka jika na iya tashi a Jibiya ta hanya biyu, ko naira ta faɗi a Legas, ko yuro ya yi ƙarfi a kan dala a Turai. Bayan wannan akwai hali na kasuwar iyaka. Da kaka, in 'yan Nijar suka shigo sayen hatsi, sefa kan yi yawa a hannu. Gabanin babbar salla, in dillalan Najeriya suka bazama neman raguna, sai ta yi wuya.

Ga misali. Wani falke daga yankin Damagaram ya kawo bijimi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya sayar naira miliyan ɗaya. Ya nufi rumfar ɗan canji.

"Salamu alaikum, Alhaji. Nawa jika yau?"

"Sayarwa za ka yi ko saye, Malam?"

"Saye."

"Dubu biyu da ɗari biyar."

A wannan farashi zai karɓi jika 400. Idan ya ce bari ya jira mako mai zuwa, jika ta koma naira 2,700, jika 370 kawai zai samu da 'yan kuɗi kaɗan a kai. Jika talatin sun tafi alhali kuɗinsa suna ƙulle a lalita. Tambayar da ɗan canjin ya yi masa ma tana da dalili: farashin da yake saye ya gaza wanda yake sayarwa, kuma ratar ita ce ribarsa. Shi ya sa fatake da dama ba su juya kuɗin ko kaɗan, sai su sayi hatsi ko siminti ko atamfa su koma da su.

Wanne ya fi?

Yawan abin da kuɗi ke saye na wani kuɗi ba shi ne ma'aunin arzikin ƙasa ba. Dalar Amurka ɗaya ta fi yen 100 na Japan, Japan kuwa tana sahun gaba a masu arzikin duniya. Ghana ta yanke sifili huɗu daga sidi a Yuli 2007, hakan bai hana sabon sidin faɗuwa daga baya ba. A watan Agustan wannan shekarar gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ba da sanarwar yanke sifili biyu daga naira, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shirin. Abin dubawa shi ne saurin da kuɗi ke rasa ƙarfin saye. A Disamba 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kusa kashi 35 cikin ɗari, yayin da bankin BCEAO ke ƙoƙarin riƙe nasa tsakanin kashi ɗaya da uku.

Masu goyon bayan sefa, irin su Shugaba Alassane Ouattara na Kwaddibuwa, da wannan kwanciyar farashi suke kafa hujja. Suna tuna cewa Mali ta fice a 1962 ta dawo a 1984, Gini kuwa da ta fita a 1960 ta sha wahalar kuɗinta. Masu suka, daga Joseph Tchundjang Pouemi na Kamaru zuwa Kako Nubukpo na Togo da Ndongo Samba Sylla na Senegal, suna cewa kuɗin da aka ɗaure da yuro ya yi wa ƙasashen manoma nauyi: yana sa kayan waje araha, yana sa na gida tsada, yana ƙuntata bashin banki ga ƙananan 'yan kasuwa. Suna nuna cewa shekaru tamanin na tsayayyen kuɗi ba su fitar da Nijar daga sahun matalautan ƙasashe ba.

A Disamba 2019, a Abijan, Ouattara da Shugaba Emmanuel Macron na Faransa suka sanar da gyara ga sefa ta yamma: an daina tilasta ajiyar kashi 50 a Faris, wakilan Faransa sun fice daga majalisun bankin, za a kuma sauya sunan kuɗin zuwa eko. An aiwatar da biyun farko, sunan bai canza ba, ɗaurin da yuro yana nan. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025, amma ficewar ba ta shafi ƙungiyar ƙasashen sefa ba, sun ci gaba da kashe sefa.

Tambayoyi da aikin aji

1. Wane alkawari Faransa ta ɗauka a kan sefa, kuma me ƙasashen suka bayar a madadinsa?
2. Me ya sa 'yan kasuwar Najeriya suka riƙa neman sefa a shekarun 1980?
3. A jadawalin da ke sama, jika ta sauko daga naira 78 zuwa 40 cikin shekara ɗaya. Me ya faru?
4. Idan dalar Amurka tana kan naira 1,400 da sefa 560, nawa ne jika?
5. Wata mai sayar da kilishi a Maraɗi ta ce kuɗin ƙulli dala ɗari uku ne. Sefa nawa ke nan, kuma naira nawa in jika tana kan 2,500?
6. A kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare tsarin sefa, ɗaya ya kare na naira, kowanne da hujja uku daga darasin.
7. A tambayi wani dattijo a unguwa abin da naira ɗaya ke saye a shekarar da ya yi aure, a rubuta amsar, a kwatanta da farashin kayan a kasuwa wannan makon.